Tsakanin Mota da Mota: Yadda Ake Tatsar Darasi Daga Littafi

Ni ɗan gwari ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Tumatir, kabeji, karas, koren tattasai, sai dankalin Turawa idan ya shigo daga wajajen Bokkos da Mangu. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san rabinta jira ne. Ka yi sammako cikin sanyin da ke hana yatsu lanƙwasuwa, a sauke kaya, ka sallami masu lodi zuwa Kudu, sannan ka koma kan benci kana dakon direban da ya ce maka "ga ni nan kan hanya" alhali ko gonar bai bari ba. A cikin wannan dakon na saba da littafi, tun ina ɓoye shi a ƙarƙashin buhu don gudun tsiyar abokan sana'a, har aka gaji aka ƙyale ni.

Abin da zan shimfiɗa a nan ba yadda za ka karanta littattafai da yawa ba ne. Na san masu durowa cike da littattafai waɗanda halinsu na jiya shi ne na yau, kuma malamai sun daɗe suna ba mu misalin jakin da aka labta wa littattafai. Littafi ba ya miƙo maka darasi don kawai ka kai shafin ƙarshe. Tatsa ake yi, kuma tatsar tana da hanya. Ga wadda na bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Mataki na farko: nemo lokacin da yake zube

Kada ka ce za ka ware awa biyu kullum, ba za ka yi ba. Dubi yininka ka ga inda lokaci ke zuba a ƙasa da kansa: bayan sallar asuba kafin gari ya waye, layin banki, layin asibiti, tsakanin la'asar da magariba idan ciniki ya lafa. Zaɓi guda ɗaya ka ɗaura karatun a jikinsa, yadda shan shayi ya ɗauru da safiya. Shafi 10 ya isa. Shafi 10 kullum shi ne shafi 3,650 a shekara, wato kusan littafi 15 masu shafi 240. Ranar da ta ƙwace maka kuma kada ka ce sai ka rama da shafi 20 gobe, ramuwar nan ce ke kashe gwiwa. Ci gaba kawai daga inda ka tsaya.

Mataki na biyu: zaɓi littafin da ya sosa maka inda ke ƙaiƙayi

Kuskurena na farko shi ne sayen littafin da zai sa a ce na iya. Wani ƙato ne na Turanci, mai bango mai tauri, na yi wata uku ina yawo da shi ban wuce shafi 30 ba. Daga baya na gane tambayar da ake fara yi ba "wane littafi ne mai kyau" ba ce. Tambayar ita ce: me ke hana ni barci a kwanakin nan? Bashin da ya maƙale a hannun mutane? Yaron da ya fara ƙin makaranta? Saurin fushi? Sallar da kake yi kana shakkar ko ta yi? Littafin da ya taɓa wannan wurin ba sai an tura ka ba za ka buɗe shi.

Harshen da ka fi sakewa da shi kuma shi za ka fara da shi. Ba abin kunya ba ne a gan ka da littafin Hausa. Tun gasar rubutu ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya ake buga ƙagaggun labarai da bokon Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, kafin su duka kuma kakanninmu sun yi ƙarnoni suna rubutu da ajami. Labari ma karatu ne. Sau da yawa abin da littafin nasiha zai yi shafi 50 yana faɗa, labari mai kyau zai nuna maka shi a jikin mutum ɗaya, ka gan shi yana tafka kuskuren da kai ma kake shirin tafkawa.

Wajen saye, masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi wajajen Terminus, a tsakiyar Jos, sun fi sauƙi, na addini kuma ka nufi kewayen babban masallaci. Sai dai ka buɗe ido. Na taɓa sayen wani bugun jabu, ina cikin jin daɗi na kai shafi 96, na juya sai ga 129. Babi guda cur babu, kuma a nan amsar da nake nema take. Na koma washegari, mai littafin ya tashi daga wurin. Tun daga nan, kafin in biya sai na bi lambobin shafuka da babban yatsa daga farko har ƙarshe, in duba ko tawada ta dushe a tsakiya, in ɗan ja bangon in ga ko gam ɗin zai riƙe. Yadda ba ka sayen kwandon tumatir don kyan na sama, haka littafi.

Mataki na uku: biro da ƙaramin littafin rubutu

Nan ne gaɓar, don haka zan daɗe a kai.

Sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, wanda zai shiga aljihun riga in an lanƙwasa. Kada ka sayi mai tsada, za ka ji tausayin ɓata shi. Duk inda ka tsaya da karatu a ranar, rufe littafin da kake karantawa, ka rubuta abu uku.

Na ɗaya, me mutumin nan ya ce, da bakinka. Ba kwafa ba. Idan da Turanci ka karanta, mayar da shi Hausa, irin Hausar da za ka yi wa ƙanenka bayani. A nan asiri ke tonuwa: sau da dama ina jin na fahimta sarai, sai na ɗauki biro in ga babu abin da ya zauna. To ka koma ka sake karantawa. Wannan ne darasin farko da karatu ya koya mini, kuma ba a cikin kowane littafi na tsince shi ba: jin cewa ka gane daban, ganewa daban. Yanzu idan manomi ko direba ya yi mini bayani, nakan ce "tsaya in maimaita maka, ka ji ko haka kake nufi". Rigimar da wannan 'yar jimla ta kashe tun kafin ta tashi tana da yawa.

Na biyu, ina na taɓa ganin wannan da idona? Nemo mutum, rana, wuri. Idan marubuci ya ce mai gaggawar sayarwa shi ke faɗuwa, tuno ranar da ka ga hadari ya haɗo ka karyar da kabeji, bayan awa ɗaya motocin Kudu suka shigo farashi ya tashi. Idan ka rasa misali ko ɗaya daga rayuwarka ko ta wanda ka sani, sa alamar tambaya a gefen. Mai yiwuwa maganar gaskiya ce ba ka kai gare ta ba tukuna, mai yiwuwa kuma daɗin baki ne kawai.

Na uku, me zan gwada? Mafi yawan ranaku amsar "babu" ce, kuma ba laifi. Rubuta "babu" ka wuce.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ga littattafan malamai da ƙananan rubutu a gefen shafi da tsakanin layuka, inda ɗalibi ke ajiye fassarar kalma ko ƙarin bayanin da ya ji daga bakin malaminsa. Ya ga kuma ba a ƙara maka karatu sai ka biya na jiya. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya wallafa sakamakon a 1885: mantuwa ta fi gudu a farko-farko, sannan ta rage sauri, kuma bita tana rage ɓarnar. Almajirin da ke tilawa da asuba bai san sunan Bajamushen ba, amma da hujjarsa yake aiki. Saboda haka ranar Juma'a, kafin in tafi masallaci, nakan karanta abin da na rubuta a makon. Minti goma ne. Ƙarshen wata kuma in bi na watan gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: darasi ɗaya, mako ɗaya

Daga cikin abin da ka tara, zaɓi guda ɗaya tak ka kai shi kasuwa, ko gida, ko ofis, ka gwada kwana bakwai. Ɗaya na ce. Wanda ya tashi gyara halinsa gaba ɗaya ranar Asabar, zuwa Talata ya koma gidan jiya.

Ga nawa. Na karanta a wani littafi kan ƙananan sana'o'i cewa duk bashi a rubuta shi a gaban mai karɓa, da ranar biya. Mu kuwa mun san ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta riga ta yi wannan umarni, amma kunya ta hana mu. Sai na ce bari in gwada. Ranar farko wata dattijuwa mai sayar da abinci, wadda ta fi shekara goma tana saye a wurina, ta ɗauki kwando biyu ta ce a bari sai jibi. Na zaro littafi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, yau ni za ka rubuta?"

Gumi ya karyo mini duk da sanyi. Na ce, "Hajiya, ba don ke ba ne. Kaina ne ya fara zuba, kada in zo in ce uku ne alhali biyu kika ɗauka."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To rubuta da kyau, biyu ne, kuma ɗayan bai cika ba."

Mako ya ƙare na zauna na yi lissafi. Rubutawa ta yi aiki, har ma ta fi kare masu karɓa fiye da ni, don sau biyu na tarar ni ne nake ƙara wa mutane a ƙwaƙwalwata. Amma yanka wa manya ranar biya bai karɓu ba, sun ɗauke shi raini. Sai na sauya: ni ba na yanka rana, tambaya nake, "Baba, yaushe zan sa rai?" Ranar da ya faɗa da bakinsa ita nake rubutawa, kuma mutum ya fi jin nauyin ranar da shi ya yanka. Wannan gyaran babu shi a littafin. Gwaji ne ya haife shi, kuma shi ne ainihin abin da na samu.

Bayan kowane gwaji rubuta layi biyu: abin da ya yi, abin da bai yi ba. Kada ka yi wa kanka ƙarya, ba mai duba maka.

Mataki na biyar: yi musu da marubucin

Sabon mai karatu yakan ɗauka duk abin da aka buga gaskiya ne. Ni ma na yi wannan zazzaɓin. Na karanta wani littafi da aka rubuta a Amurka, ya ce kada ka kuskura ka haɗa dangi da kasuwanci. Na zo da zafina zan sallami ɗan yayata da ke taya ni a rumfa, don yana yawan makara. Na fara kai maganar wurin kawuna, wanda ya koya mini sana'ar, har da karanto masa wurin ina fassarawa.

Ya gama ji, ya ce, "Shi wanda ya rubuta wannan, in ya kwanta ciwo, wa ke buɗe masa rumfa?"

Na ce, "Kawu, can suna da inshora."

Ya ce, "To kai taka inshorar ce kake shirin kora."

Ban kori yaron ba. Abin da na ɗauka daga littafin shi ne a yanka masa albashi sananne da lokacin zuwa sananne, maimakon "ɗan abin sabulu" da ke sa kowa ya riƙa jin an cuce shi. Tun daga ranar nake yi wa kowane littafi tambayoyi: wa ya rubuta, a ina, a wace shekara, su wa yake yi wa magana, kuma me zai samu in na yarda da shi? Littafin da ya ce ka ajiye kuɗi a banki shekara goma su yi ta haihuwa, ka tambaye shi ko ya san yadda naira ke zubewa. Wannan ɗabi'ar tana bin ka har wajen littafi. Saƙon murya da aka turo a WhatsApp cewa an fara rikici a unguwa kaza, yanzu tambayoyin nan nake fara yi masa kafin in rufe rumfa, balle in tura wa wani.

Littattafan addini kuwa hukuncinsu daban: kada ka yi wa kanka fatawa daga fassara. Karanta, rubuta inda ya shige maka duhu, ka kai wa malami.

Mataki na shida: karanta garinka, har da bakin da ba naka ba

Shekaru ina wuce tafkunan da ke wajajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, a zatona haka Allah ya halicce su. Sai da na karanta tarihin kuza na san ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka bari. Na san an ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914 saboda kuzar, na san a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, an yi ta kwaso mutane aikin tilas zuwa mahaƙan. Na san a wajen haƙar kuza aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a Nok a 1928, kuma wani Bature, Bernard Fagg, shi ne ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, wanda nake kai yara kallon namun daji kusa da shi ban taɓa leƙawa ciki ba. Idan ka karanta irin wannan, tashi ka je ka gani. Gani ya kori ji.

Sai mai wuyar. Mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010, kowa a garin nan yana da labarin da aka ba shi a gida game da wane ne mai gari da wane ne ya fara. A dokar hana fita ta watan Agustan 2021, ina zaune a gida kayan gwari na ruɓewa a kasuwa, na karanta wani rubutu daga ɓangaren da ba namu ba. Sau uku ina ajiye shi don haushi. Dabarar da ta taimake ni ita ce: ban yarda in rubuta raddi ba sai na iya rubuta hujjar marubucin yadda in ya gani zai ce "haka nake nufi". Ban koma ra'ayinsa ba, har yau akwai wuraren da nake ganin ya kauce. Amma na gane abin da yake tsoro, kuma manoman da nake ciniki da su kullum, Birom da Ron da Mwaghavul, na daina jin maganarsu da rabin kunne. Littafi ba ya katse ka, kai ma ba ka iya katse shi, sai dai ka rufe. Wanda ya saba bin hujjar wani har shafi 200 kafin ya yanke hukunci, zai iya haƙurin minti biyar a zaman sulhu.

Mataki na bakwai: faɗa wa wani, amma da awo

Abin da ka koyar ya fi zama. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: mata jagorori da ake kira jaji suna zuwa su ɗauki karatu a waƙe, su koma ƙauyuka su koya wa mata. Kai ma nemi mutum biyu ko uku, a majalisa ko a gida, sau ɗaya a mako kowa ya kawo abu ɗaya da ya karanta da abin da ya gwada. A gidana bayan isha'i ne ranar Lahadi, kuma uwargida ta fi kowa iya tambayar da ke kwance mini lissafi.

Gargaɗi dai: akwai cutar sabon mai karatu, wato kowace hira sai ya ce "na karanta a wani littafi". Na yi ta, har aka laƙaba mini Farfesan Kabeji, sunan bai sake ni ba har yau. In ba a tambaye ka ba, bari a gani a aikinka.

Batun waya

Ana karatu a waya, kuma littattafan Hausa da yawa yanzu a nan suke yawo. Matsalar ita ce littafin da masu kiran hankalinka ɗaki ɗaya suke kwana. In a waya za ka karanta, sauke littafin tukuna, kashe data, sannan ka fara. Rubutun nan uku kuma a takarda za ka yi shi. Idan marubuciya ta sa kuɗi a littafinta, biya ta, kada ka karɓi na sata a guruf.

Ajiyewa, komawa, da aro

Littafin da ka ba shafi 50 bai ba ka komai ba, ajiye shi, ba aure kuka ɗaura ba. Wani lokacinsa ne bai yi ba. Ƙaton nan na Turanci da ya gagare ni, bayan shekara shida na koma masa na cinye shi cikin wata ɗaya. Wanda ya yi maka amfani kuma sake karanta shi bayan shekara biyu, tare da abin da ka rubuta a kansa wancan karon. Za ka ci karo da wuraren da ka ja wa layi kana mamakin me ya burge ka, da wuraren da ka tsallake waɗanda yanzu su ne maganar.

Aro kuwa, na yi asarar littattafai fiye da yadda na yi asarar kwanduna. Yanzu shafin ƙarshe na littafin bashi na littattafai ne: sunan littafi, wanda ya ɗauka, da ranar da ya faɗa da bakinsa. Ba na ba da na biyu sai na farko ya dawo, kuma wanda na cika gefensa da rubutu ba ya fita daga gida ko wa ya roƙa. In ya dawo, kafin in mayar da shi durowa sai na tambayi mai aron abu ɗaya da ya tsinta a ciki. Makon jiya ɗan yayata, wanda na so kora, ya dawo mini da na tarihin kuza, bangon duk tabon tumatir. Na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, ashe kakanmu ma zuwa ya yi." Sannan ya ce ranar Lahadi in ba shi kuɗin keke, zai je ya ga gidan tarihin.